Yadda Ake Kallon Dolfin a Teku Ba Tare da An Takura Masa Ba

Duk wanda ya je yawon buɗe ido Zanzibar, ko gaɓar Bahar Maliya ta ɓangaren Masar, da wuya ya kwana biyu ba a tallata masa fita kallon dolfin ba. Za a nuna maka hoton mutane suna iyo gefe da gefe da dabbar, a ce da asuba za a zo ɗaukarka, a kuma rantse maka sai ka gan su. Ganin kam za ka iya yi. Abin da mai tallan ba zai faɗa ba shi ne, yadda galibin jiragen nan ke bin dolfin yana cutar da su, cutarwar kuma ba ta fito fili ba, domin ba jini ake gani ba, ba gawa ba. Barci ake hana su, ana kuma hana uwa shayar da ɗanta.

Kafin a shiga matakai, sai an san dabbar. Dolfin ba kifi ba ne, ko da yake da yawa kifi suke ce masa. Yana haihuwa, yana shayarwa, yana shaƙar iska kamar ayu na kogin Binuwai da Kwara. Ƙofar hancinsa a saman kai take, dole ya riƙa tasowa yana numfashi, kuma numfashin nasa da niyya yake yinsa, ba ya zuwa da kansa kamar namu. Saboda haka ba ya iya yin barci mai nauyi. Rabin ƙwaƙwalwarsa ne ke hutawa, ɗaya rabin yana farke yana kula da tasowa sama, daga baya su yi canji. Barcin da ake yi a haka, cikin tafiya sannu a hankali, ƙarar inji ɗaya ta isa ta katse shi. Ga shi kuma da kunne yake rayuwa: yana fitar da sauti ya saurari amsa-kuwwarsa, da haka yake gane inda kifi yake da inda 'yan'uwansa suke. Ƙara tana tafiya a ruwa da saurin da ya ninka saurinta a cikin iska fiye da sau 4, tana kuma kai wa nesa.

An auna illar. A yankin Shak Bay na yammacin Ostireliya, lokacin da jiragen kallo masu lasisi suka tashi daga 1 zuwa 2, yawan dolfin da ke amfani da wurin ya ragu da kusan kashi 15 cikin 100, har gwamnati ta mayar da lasisin guda a 2006. A Niyu Zilan, an hana iyo da dolfin mai bakin kwalba a yankin tsibiran arewacin ƙasar a 2019, bayan an ga masu zuwa wurin sun ragu ƙwarai kuma 'ya'yansu na mutuwa da yawa. A Kizimkazi, ƙauyen masunta da ke kudancin tsibirin Unguja na Zanzibar inda sana'ar ta fara a farkon shekarun 1990, masu bincike sun ga cewa idan jiragen baƙi suka zo, dolfin suna rage hutu da cuɗanya da juna, su ƙara yawan tafiya, abin kuma yana shafar har mata masu goyo.

Fara da tudu

In akwai halin kallo daga ƙasa, shi ya fi, domin babu abin da za ka ɓata. Nemi tsauni ko wani ƙoƙon ƙasa da ya kutsa cikin teku, inda ruwa ke gudu da ƙarfi yana tara kifi. Ka je ranar da iska ta kwanta; da zarar farin kumfa ya fara bayyana a kan igiyar ruwa, gano fiffiken bayan dolfin ya zama wahala. Ka tsaya ta yadda rana za ta kasance a bayanka. Madubin hangen nesa mai lamba 7x50 ko 8x42 ya wadatar, wanda ya fi haka ƙarfi hannu ba ya riƙe shi cak. Ka fara dubawa da ido, daga hagu zuwa dama a hankali, sai ka ga alama sannan ka ɗaga madubin. Alamar da ta fi kowace ita ce tsuntsayen teku da suka taru wuri guda suna faɗawa ruwa, don sau da yawa dolfin ne ke koro musu kifin daga ƙasa. Ka ba wurin aƙalla awa guda. Ka tambayi masunta lokacin cikowar teku da janyewarsa: a Chanonry Point na Sikotland, alal misali, dolfin suna zuwa daf da gaɓa ne idan ruwa ya fara cikowa, mutane na tsaye a kan tsakuwa suna kallonsu ba tare da ko jirgi ɗaya ba.

Zaɓen jirgi

Yawancin ɓarnar a nan ake yanke ta, tun kafin a bar gaɓa, lokacin da kake miƙa kuɗi. Ka yi wa mai jirgin tambayoyi kai tsaye. Yana da izinin hukumar da ke kula da wurin? Mita nawa yake tsayawa daga garken? Minti nawa yake yi tare da su? Idan ya tarar da jirage uku sun riga shi, me yake yi? Idan akwai jinjiri a garken, yana barin mutane su shiga ruwa? Wanda ya san aikinsa zai amsa nan take da adadi. Wanda ya ce "kada ka damu, har taɓa su za ka yi", ko ya ce zai mayar maka da kuɗinka in ba ka yi iyo da su ba, ka nemi wani. Alƙawari irin wannan shi ke sa direba ya riƙa farautar garke da inji, domin kuɗinsa na rataye da abin da dabbar ba ta so.

Jirgi ɗaya mai ɗaukar mutum goma sha biyu ya fi ƙananan kwale-kwale huɗu masu mutum uku-uku, tunda yawan injuna ne ke damun dabbar, ba yawan idanu ba. Babur ɗin ruwa kuwa kada ma a kawo maganarsa. Gudunsa da saurin juyawarsa sun sa ƙasashe da dama sun hana shi kusantar dolfin. Sannan ka gaya wa direba tun a gaɓa cewa tukwicinsa yana kan tuƙi a hankali, ba kan kusanci ba. Direbobi da yawa suna matsa wa garke ne don sun ɗauka abin da baƙo ke so ke nan. In ka sauke masa wannan nauyin, za ka ga canji.

Yadda ake kusantar garke

Dokoki sun ɗan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma adadin da suka fi yawa sun zo kusa da juna. A Amurka shawarar hukuma ita ce yadi 50, wato kimanin mita 45, kuma kada a wuce minti 30. A Ostireliya mita 50 ne ga manya, mita 150 idan akwai jinjiri, kuma kada jirage su wuce 3 a kewayen. Niyu Zilan ta ce daga mita 300 a rage gudu, jirage kada su wuce 3 a cikin wannan tazarar. Inda babu doka, ko akwai ta amma ba a bin ta, ka ɗauki waɗannan a matsayin naka. Mita 50 kamar rabin tsawon filin ƙwallo ne, kuma a kan ruwa ido yana ruɗin mutum, don haka ka ƙara a kan abin da kake zato.

Da an hango garke, daga mita 300 direba ya fara sauke gudu, a hankali ba farat ɗaya ba, har jirgin ya daina tayar da kumfa a bayansa. Wannan bai wuce kilomita 10 a awa ba. Kada a nufe su tukuna. A ɗauki minti biyu zuwa uku ana nazari: ina suka dosa, su nawa ne, akwai ƙanana, me suke yi? Daga nan sai a shigo ta gefe, ɗan baya kaɗan, a daidaita jirgi da hanyar da suke bi, a yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da su bisa gudun wanda ya fi kowa jinkiri a cikinsu. Ba a zuwa ta gabansu, don an tare musu hanya. Ba a zuwa ta baya sak, don sun ɗauke shi kora. Ba a ratsa tsakiyar garke, domin nan ne ake raba uwa da ɗa.

Akwai wata dabara da direbobi suka ƙware a kai wadda ita ce mafi muni: su zarce garken da gudu, su tsaya a gabansa, su zubar da mutane a ruwa, in dolfin suka nutse suka wuce sai a kwashe mutanen a sake zarce su. Ana iya maimaita wannan sau da yawa a safiya ɗaya, jirgi bayan jirgi. In ka ga direbanka zai yi haka, ka hana shi.

Idan akwai wasu jirage, duk a tsaya ɓangare guda. Kada a yi wa garke zobe, kada kuma a matse shi tsakanin jirgi da gaɓa ko duwatsun murjani. Kullum a bar musu hanyar fita zuwa ruwa mai zurfi. Jirgi na huɗu ya jira daga nesa har wani ya tafi. Lokacin kuma na garken ne gaba ɗaya, ba na kowane jirgi ba: in ka iso ka tarar an daɗe a kansu, minti 10 zuwa 15 ya ishe ka.

Wani lokaci su da kansu za su taho su riƙa hawan igiyar da goshin jirgi ke turawa. Wannan babu laifi, matuƙar su suka zaɓa. Abin da direba zai yi shi ne ya riƙe gudunsa da alƙiblarsa yadda suke, kada ya ƙara, kada ya karkata, kada ya taka burki. In yana son tsayawa, ya sauke gudu kaɗan-kaɗan sannan ya sa inji a firi. Juya farfela baya ba zato yana iya yanka bayan dolfin da fiffikensa. Haka nan ba a shiga cikinsu da gudu ko a riƙa kewaya su don a tilasta musu wasan. Wajen tafiya ma, a tabbatar an san inda kowanne yake kafin a sa giya, a janye a hankali, kada a ƙara gudu sai an ba da mita 300.

Karanta halin da suke ciki

Nan ne mai kallo na gaskiya ke bambanta da mai ɗaukar hoto kawai. Garken da ke hutawa yana matsewa wuri guda, yana tafiya sannu, suna tasowa tare su nutse tare, ba tsalle, ba fantsama ruwa, sau da yawa suna kai da komo a wuri ɗaya. Waɗannan barci suke yi, a bar su, a kalle su daga nesa da inji a firi. Masu kiwo kuma suna warwatsuwa, suna nutso mai tsawo suna ɗaga wutsiya sama, kifi na tsalle, tsuntsaye na shawagi. Shiga tsakaninsu yana tarwatsa kifin da suka sha wahalar tarawa.

Alamomin cewa an takura musu a bayyane suke ga wanda ya san su: dukan ruwa da wutsiya a kai a kai, fitar da numfashi da ƙarfi mai ƙara kamar tari, sauya alƙibla ba zato duk lokacin da jirgi ya matso, nutso ya ƙara tsawo su ɓullo can nesa, garke ya dunƙule, ko babba ta shiga tsakanin jirgi da ƙarami. In ka ga ɗaya daga ciki sau biyu, zaman ya ƙare. Kada kuma tsalle ya ruɗe ka. Garken da ke kwance shiru, jirage suka iso sai ya fara tsalle-tsalle, tashinsa aka yi daga barci, ba maraba yake yi ba. Lanƙwasar bakinsa da ke kama da murmushi ma halittar muƙamuƙinsa ce, haka take ko yana cikin wuya.

Jinjiri ana gane shi da girma: bai wuce rabin tsawon uwarsa ba, yana manne da gefenta. Sabon haihuwa yana da layuka masu haske a tsaye a jikinsa, alamar naɗewar da ya yi a ciki, fiffiken bayansa bai gama miƙewa ba, in zai yi numfashi kuma yakan ɗago kai gaba ɗaya ya faɗo. Dolfin mai bakin kwalba tana ɗaukar ciki kusan wata 12, ɗa guda take haifa, tana shayar da shi shekara ɗaya da rabi ko fiye, yakan zauna tare da ita shekara 3 zuwa 6. Shan nonon a ƙarƙashin ruwa ake yi, na 'yan daƙiƙoƙi, sau da yawa a yini, kuma sai uwar ta rage gudu ta karkata. Uwar da ake kora ba ta samun wannan damar. Da haihuwa mai tazara haka, mutuwar 'ya'ya kaɗan ta isa ta karya garke.

Maganar shiga ruwa

Ra'ayinmu shi ne a zauna a jirgi. Daga sama ka fi ganinsu, ka fi daɗewa kana gani, su kuma sun fi sakewa. A Hawai, gwamnatin tarayyar Amurka ta kai ga haramta abin: tun 2021 laifi ne a yi iyo da dolfin mai katantanwa ko a kusance shi ƙasa da yadi 50 a ruwan da ke kusa da gaɓa. Dalilin yana cikin tsarin rayuwar wannan nau'in, wanda ke tsalle yana juyawa a iska. Da dare yake fita ruwa mai zurfi kiwo, da safe ya dawo wuri mai ruwa kaɗan da farin yashi a ƙasa, inda zai iya hango kifin shak, ya kwanta. Lokacin da baƙi ke isowa shi ne tsakiyar darensa.

Samadai, kusa da Marsa Alam a Masar, misali ne na yadda ake sasantawa. Duwatsun murjani ne da suka yi lanƙwasa suka kare wani tafki a tsakiya, inda irin wannan dolfin ke kwana da rana. Da jama'a suka yi yawa, hukumar yankin ta rufe wurin a ƙarshen 2003, ta sake buɗe shi a 2004 da tsari: sashe na ciki na dolfin ne kaɗai, ba mai shiga; sashe na biyu na masu iyo ne, kuma dole da rigar hana nutsewa; na uku ne na jirage. A tsarin na 2004 an ƙayyade yawan baƙi a rana, aka kuma sa ziyara daga ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana. Rigar tana da amfani biyu, tana kare mai ita, tana kuma hana shi nutsawa ya bi dabbar ƙasa.

In kana wurin da doka ta yarda kuma ka ƙudura sai ka shiga, to ka zame cikin ruwa a hankali daga gefen jirgi, ba tsalle ba, inji kuma a firi. Ku tsaya tare kusa da jagora, ku kwanta a saman ruwa, hannuwa a jiki. Kada ka bi su, ba za ka cim musu ba, korarsu kawai za ka yi. In sun zo, sun zo. In sun wuce, ka koma jirgi, kada a sake gwadawa fiye da sau ɗaya ko biyu. Garke mai jinjiri ko mai barci ba a shigar masa sam. A kashe fitilar kyamara.

Taɓawa da ciyarwa babu su a kowane hali. Babban dolfin mai bakin kwalba yakan haura kilo 200, yana cizo, yana kuma duka da baki da wutsiya. A Barazil a 1994 wani dolfin da mutane suka dame shi a bakin teku ya yi wa wani mutum dukan da ya zama ajalinsa. Akwai kuma cututtukan da ke ratsawa tsakaninsa da mutum ta ɓangarorin biyu. Wanda aka saba ba shi kifi yakan koma bara a gefen jirage, inda farfela da ƙugiya da raga ke jiransa. A Monkey Mia ta Ostireliya an ga 'ya'yan matan da ake ciyarwa sun fi mutuwa, sai da aka tsaurara tsarin a 1994. A Amurka dokar 1972 ta kare dabbobin teku masu shayarwa ce ke aiki, kuma ciyar da dolfin na daji na iya jawo tara mai nauyi ko ɗauri. Leda, igiyar kamun kifi da guntun sigari su koma gaɓa tare da kai. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuwa sai ka binciki dokar wurin, don wurare da yawa sai da izini.

Fofas da dolfin mai tozo

Fofas ɗan'uwan dolfin ne, amma ƙarami: wanda aka fi sani bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, bakinsa a dunƙule yake ba tsini, fiffiken bayansa gajere mai kusurwa uku. Ruwan sanyi yake so, irin na Turai da Arewacin Amurka, a Afirka kuma daga Maroko zuwa Senigal. Ba ya wasa da jirgi, ba ya cika tsalle, abin da za ka gani shi ne baƙin baya ya mirgina sau biyu ko uku ya ɓace. Ƙanƙantar jikinsa a ruwan sanyi ta sa dole ya riƙa ci kusan dare da rana, abincin da ya kai kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa kullum, saboda haka korarsa daga wurin kiwo asara ce da ba ya saurin mayarwa. Kada a bi shi da jirgi ko kaɗan. A tsaya, a kashe inji in babu haɗari, a saurari ɗan ƙarar numfashinsa idan ruwa ya kwanta. Tudu ya fi dacewa da shi.

Haka za a ɗauki dolfin mai tozo na gaɓar yammacin Afirka, wanda ke zaune a ruwa marar zurfi daga Yammacin Sahara zuwa Angola, har da gaɓar Najeriya da Kamaru. A 2017 aka sa shi cikin dabbobin da ke daf da ƙarewa, ragar masunta ce kuma babbar matsalarsa. Yana gudun jirage. Wanda ya ci karo da shi ya tsaya nesa, ya rubuta rana, lokaci, wuri da yawansu, ya ɗauki hoton fiffiken baya daga gefe, domin da tsagar da ke jikin fiffiken masu bincike ke bambanta wannan da wancan.

Idan ka tarar da shi a kan yashi

Dolfin da ya fito gaɓa galibi ba shi da lafiya ko ya ji rauni, don haka tura shi ruwa nan take yakan sa ya nutse ko ya sake fitowa wani wuri. A 2022 wata dolfin ta mutu a bakin teku a jihar Tekzas ta Amurka bayan mutane sun mayar da ita ruwa suna ƙoƙarin hawanta. Abu na farko, a kira jami'an gandun ruwa, hukumar kamun kifi ko likitan dabbobi. A kori taron jama'a da karnuka baya, a rage hayaniya. A daidaita shi a kan cikinsa, a tona ramuka a yashi ƙarƙashin fikafikan gefe don kada nauyinsa ya danne su. A yi masa inuwa, a rufa masa zane mai laima, amma a bar ƙofar hanci, fiffiken baya da wutsiya a buɗe. A riƙa zuba masa ruwan teku a hankali, ana kiyaye kada ruwa ko yashi ya shiga ƙofar hancin, wadda ke buɗewa duk lokacin da zai yi numfashi. Kada a ja shi ta wutsiya ko fiffike, yin haka na iya ɓata masa ƙashin baya. Mai taimako ya tsaya daga gefe, nesa da wutsiya, ya kawar da fuskarsa daga iskar da ke fita ta hancin, ya sa safar hannu in akwai, ya kuma wanke hannu da sabulu bayan ya gama. A ƙidaya sau nawa yake numfashi a minti guda, a riƙa rubutawa, a ba likita idan ya iso.